Dattijon Karkara Mai Sana'a da Doki: Yabon Kirki Bai Isa Ya Zama Tarihinsa Ba

Idan dattijon karkara ya rasu bayan ya haura shekara tamanin ko casa'in, mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin maƙera da barga da cikin gidansa, abin da ake faɗa a kansa ba ya wuce 'yan jimloli kaɗan. Za a ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon amana, yana son dawaki, ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, Allah ya jiƙansa. Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina addu'a ko kyakkyawar shaida. Amma waɗannan kalmomi su ne za a faɗa a kan maƙwabcinsa idan nasa lokacin ya zo, su ne kuma aka faɗa a kan wanda ya riga su, har ya zama bayan shekara ashirin jikan da bai tarar da shi ba ba zai iya bambanta kakansa da kowane tsoho ba. Ra'ayina shi ne muna tauye wa irin wannan mutum haƙƙi, muna kuma yi wa kanmu asara, matuƙar ba mu tuna da shi ta hanyar abin da hannunsa ya iya da abin da idonsa ya gani ba, kuma wannan aiki ne da ya kamata a fara shi tun yana raye yana iya magana.

Abin da ke tafiya tare da shi ilimi ne na gaske, ko da yake ba a taɓa rubuta shi ba. Maƙerin da ya ƙware ba shi da ma'aunin zafi, launin ƙarfe yake karantawa. Ya san bambancin jan da bai kai a daka ba da jan da ya nuna, ya san lokacin da ƙarfen ya koma rawaya, ya kuma san farin da idan aka kai shi ƙarfe biyu za su haɗe su zama ɗaya, idan kuwa aka wuce shi da kaɗan ƙarfen ya ƙone ya lalace. Wannan ne dalilin da ya sa maƙeru a ƙasashe da yawa suke barin wurin aikinsu da ɗan duhu, domin hasken rana yana ɓoye launin. Haka nan wajen ba wa bakin gatari ko wuƙa ƙarfi: a tsoma shi a ruwa ko a mai yana da zafi ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi a hankali don kada ya zama mai saurin karyewa. Yaron da ya zauna yana zuga masa wuta shekara da shekaru shi ne kaɗai yake ɗaukar wannan, kuma yau yaran da ke zama haka sun yi ƙaranci.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana gyara wa doki kofato, kuma abin da na riƙe daga ranar shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya taɓa wuƙa. Ya sa aka ja dokin aka yi gaba da shi aka dawo, yana tsugune yana kallon yadda kowace ƙafa take sauka, kansa a karkace yana sauraron takun. Sannan ya shafa kafaɗar dokin, ya gangaro da hannu har ƙasa yana magana ƙasa-ƙasa, dokin ya ɗaga masa ƙafar da kansa. Ya ɗora tafin hannu a bangon kofaton ya jima, ya ce wannan ya fi sauran ɗumi, akwai abin da ke ciki. Da ya kankare ƙasan sai ga ɗan baƙin ɗigo inda tsakuwa ta shige ta fara ruwa. Kofaton doki bai cika yin tsawon santimita ɗaya a wata ba, yana ɗaukar kusan shekara kafin ya sabunta daga sama har ƙasa, shi ya sa ake gyara shi duk bayan mako shida zuwa takwas, kuma shi ya sa kuskuren yanka na minti ɗaya yake iya barin doki yana ɗingishi wata da watanni. A Birtaniya an ɗauki wannan aiki da muhimmancin da a 1975 aka yi dokar da ta hana wanda ba shi da rajista sanya wa doki takalmin ƙarfe, kuma sai mutum ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin gwani kafin a ba shi izini. Dattijon da na kalla ba shi da takardar kowa, amma abin da ya sani shi ne abin da ake yi wa waɗancan jarrabawa a kai.

Shi kuwa zama da doki wani karatu ne daban, domin doki dabba ce mai ƙarfi a waje amma mai rauni a ciki. Ba ya iya amai, saboda haka ciwon cikin da wata dabbar za ta warke daga gare shi cikin sauƙi yana iya kashe doki kafin gari ya waye. Mai dokin da ya san aikinsa yana gane alamar tun da wuri: dokin ya ƙi harawarsa, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana neman birgima, gumi yana keto masa ba tare da ya yi aiki ba. Irin wannan mutum ba ya barci mai nauyi, kunnensa ɗaya yana barga. Yana buɗe bakin doki ya faɗi shekarunsa daga haƙoransa, yana gane sirdin da zai ci bayan doki tun kafin ya yi gyambo, ya san bakin da linzami mai kaifi zai ɓata da wanda ba ya jin komai sai shi. Doki yakan rayu shekara 25 zuwa 30, don haka wanda ya yi shekara saba'in yana hawa ya rabu da dawaki da dama, wasu ya sayar da su cikin matsi, wasu ya binne su da hannunsa. Idan aka ce kawai “yana son dawaki”, an binne duk wannan tare da shi.

Akwai kuma dalilin da ya wuce sana'ar ita kanta, wato zamanin da irin wannan mutum ya ratsa. Wanda aka haifa a shekarun 1930 ya buɗe ido a duniyar da mafi yawan mutanenta suke zaune a karkara. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 1950 kashi 30 cikin ɗari ne kawai na mutanen duniya suke birane, zuwa 2018 sun kai kashi 55. A Amurka, inda sauyin ya zo da wuri kuma aka ƙirga shi da kyau, dawaki da alfadarai da ke gonaki sun haura miliyan 25 a wajen 1920, a 1954 yawan taraktoci ya wuce nasu, zuwa 1960 kuwa saura kusan miliyan 3. A wasu ƙasashen abin ya jinkirta, babur da ƙaramar mota ne suka karɓi aikin dokin hawa, kayan masana'anta masu arha suka karɓi kasuwar maƙeri. Littattafan tarihi suna faɗin shekarar da injin ya iso, suna faɗin yawan amfanin gonar da ya ƙaru. Abin da ba sa faɗa shi ne yadda mutumin da ya gaji uwar maƙera daga mahaifinsa ya wayi gari yana da shekara arba'in ya ga dole ya koyi walda, ya koma gyaran garmar tarakta da famfon ruwa, ko yadda ya yi lissafin abincin doki da kuɗin makarantar yara ya zaɓi wanda zai bari. Wannan ɓangaren tarihi a bakin mutane irinsa kaɗai yake, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

An taɓa gwada ɗaukar irin wannan shaida da muhimmanci, kuma sakamakon ya nuna girman abin da ake zubarwa. George Ewart Evans, wani malamin makaranta ɗan yankin Wales, ya koma ƙauyen Blaxhall a gundumar Suffolk ta Ingila a 1948, ya tarar da maƙwabtansa tsofaffin manoma ne da makiyaya da masu kula da dawakin noma, waɗanda injin yake ƙwace wa aiki a gaban idonsa. Ya fara zama da su yana rubuta maganarsu, daga baya yana naɗar muryoyinsu. Daga bakinsu ne aka fahimci cewa abin da jama'a suka daɗe suna ɗauka asiri ne, wato yadda wasu gwanaye suke tsayar da doki cak ya ƙi motsi ko su sa dokin da ya gagari kowa ya bi su, yawancinsa sanin ƙarfin hancin doki ne: akwai warin da yake gudu, akwai ƙamshin da yake bi, su kuma suna ɓoye sirrin haɗin domin shi ne jarinsu. A 1966 'ya'yan dawaki tara kacal aka yi wa rajista daga irin dokin noman Suffolk, wato saura ƙiris irin ya ƙare, mutanen da suka san aiki da shi kuma suna ta mutuwa. Muryoyin da Evans ya naɗa suna ajiye yau a babban ɗakin karatu na Birtaniya. A Amurka ma, tsakanin 1936 da 1940, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnati ta ɗauki marubutan da ba su da aiki ta tura su su rubuta tarihin rayuwar talakawa, kuma kimanin takardu 2,900 na wannan aiki suna ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Babu wanda ya ɗauki waɗannan mutane manya a lokacin, amma yau masu binciken tarihi ba sa iya rubuta labarin wancan zamani ba tare da sun koma gare su ba.

Na san za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masu irin wannan magana tawa begen zamanin da ya wuce ne yake damunsu. Ba na kiran kowa ya ajiye tarakta ya koma garmar dabba. Aikin da nake magana a kai mai cin jiki ne: tartsatsin wuta ya bar wa waɗannan mutane tabo a hannu da ido, ƙarar guduma ta rage musu ji, sunkuyo a ƙarƙashin doki ya lanƙwasa musu baya, da yawansu kuma suna ɗauke da tsohuwar karaya daga harbi ko faɗuwa. Wanda ya tuna da su da gaskiya dole ya faɗi wannan, kuma shi ne ma yake sa matashi ya gane abin da injin ya sauƙaƙa masa. Sannan ilimin bai zama tsohon yayi a ko'ina ba. Ƙungiyoyin da ke kula da dabbobin aiki suna ƙiyasta cewa dawaki da jakuna da alfadarai fiye da miliyan 100 suna aiki a duniya har yanzu, mafi yawansu a wuraren da likitan dabbobi yake da nisa, inda abin da tsohon gwani ya sani game da kofato da gyambon sirdi shi ne tsakanin iyali da asarar abin da suke ci da shi.

Inda muka fi gajarta labari shi ne wajen iyali. Ƙirga 'ya'ya da jikoki yana nuna albarkar da Allah ya yi wa mutum, amma ba ya nuna irin uban da ya kasance. Abin da ke nuna wannan ƙananan abubuwa ne da 'yan gida kaɗai suka sani: shekarar da damina ta gaza ya yi wa manoma gyara bashi bai taɓa bin sawu ba, marayan ɗan'uwansa da ya riƙe ba wanda ya iya bambanta shi da 'ya'yan cikinsa, goɗiyar da ya fi ƙauna da ya sayar a satin da aka ce 'yarsa ta ci jarrabawa. Sau da yawa shi da kansa ne ya kore 'ya'yansa daga bakin wuta ya tura su makaranta, yana sane da cewa yin haka shi ne ƙarshen sana'ar a gidansa. Wannan shawara ce mai nauyi, kuma ta cancanci a ambace ta da sunanta, domin likita ko injiniyan da ke birni yau daga ita ya fito.

Kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kusan duk inda ka ga namiji ya yi shekara sittin yana fita aiki da asuba hankalinsa a kwance, akwai matar da ta riƙe gidan, ta yi jinyarsa lokacin da doki ya karya shi, ta ba dabbobin ruwa ranar da ba ya nan, ta san wanda ake bi bashi da wanda ke bin su, wani lokaci ma ribar tata ƙaramar sana'ar ce ta ciyar da gidan a watannin da maƙera ta yi sanyi. Idan ta riga shi rasuwa, sunanta yakan zo a jimla ɗaya. Idan kuwa tana raye, ita ce ta fi kowa sanin tarihin, amma ita ce ba a tambaya. Tarihin magidanci da babu muryar matarsa da ta 'ya'yansa mata a ciki rabin tarihi ne, kuma na fi ganin wannan gibi a matsayin rashin adalci fiye da mantuwa.

A nan ne wasu za su ji tsoro, su ce idan aka buɗe bakin 'yan gida za a ji abin da ba shi da daɗi, alhali an hore mu da ambaton mamaci da alheri. Tsoron yana da tushe, kuma ban yarda a mayar da tunawa da mutum dandalin tonon asiri ba. Amma tsakanin tonon asiri da goge mutum har ya rasa kamanninsa akwai fili mai faɗi. Idan dattijon mai zafi ne a wurin aiki, idan ya fi sakar wa dokinsa fuska fiye da yaransa, idan sai da ya tsufa jikoki suka zo sannan aka ga dariyarsa, faɗin haka ba cin mutunci ba ne. Shi ne yake sa wanda ya san shi ya ce lallai wannan Baba ne, shi ne kuma yake nuna wa na baya cewa mutum yana iya sauyawa ko da ya manyanta. Abin da zai kunyata shi ko ya raba zumunci a bar shi inda yake.

Nauyin wannan aiki yana kan iyali da farko, amma bai tsaya a kansu ba, shi ya sa na ɗauke shi batun jama'a. Jaridu da gidajen rediyo suna ba da shafuka da sa'o'i ga wanda ya riƙe muƙami na shekara huɗu, amma wanda ya riƙe garmunan yanki guda suna aiki na rabin ƙarni ba ya samun layi ɗaya sai in 'ya'yansa sun biya. Tun 1960 marubuci Amadou Hampâté Bâ na ƙasar Mali ya ja hankalin UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kwatanta mutuwar dattijo da ƙonewar ɗakin karatu, kuma an maimaita wannan magana a taruka har ta gaji, alhali masu maimaita ta kaɗan ne suka taɓa zama gaban tsoho da abin naɗar murya. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 a kan al'adun da ba a iya taɓawa da hannu ta ambaci sana'o'in hannu na gargajiya a cikin abin da ƙasashe suka yi alkawarin karewa. Japan tun 1955 take zaɓar gwanayen sana'a tana ba su tallafi domin su horar da magada, Faransa kuma ta kafa irin nata tsarin a 1994, inda ake ba gwani lambar girma da sharaɗin ya koyar da almajiri. Waɗannan tsare-tsare sun fi karkata ga sana'o'in ƙawa, kuma da wuya su kai ga maƙerin ƙauye, amma sun nuna cewa hukuma tana iya ɗaukar abin da ke hannun mutum a matsayin dukiyar ƙasa. Abin da ake buƙata a matakin ƙasa-ƙasa bai kai haka tsada ba: gidan rediyon yanki ya ware rabin sa'a a mako, malamin tarihi a sakandare ya tura ɗalibai su yi hira da mai sana'a ɗaya kowane zango, ɗakin karatu mafi kusa ya karɓi abin da aka naɗa ya adana.

Ita hirar ma tana da dabara. Idan jika ya zauna ya ce, “Baba, ba mu tarihin rayuwarka,” amsar da zai samu ba za ta wuce “To, mun gode wa Allah, mun sha wahala, mun kuma ga alheri” ba, domin irin waɗannan mutane ba su saba ɗaukar kansu abin labari ba. Amma a miƙa masa tsohuwar likkafa ko awartaki a ce, “Baba, wannan wa ya ƙera shi?” ko a ce, “Baba, a cikin dawakin da ka riƙe wanne ne ya fi ba ka wahala, akawal ɗin nan ko kilin?” sai ka ga ya gyara zama. Daga dokin zai wuce zuwa wanda ya sayar masa da shi, daga nan zuwa shekarar da aka yi fari, zuwa aurensa, zuwa ubangidan da ya koya masa aiki da irin horon da ya sha a hannunsa. A bar shi ya yi ta kewaye, kada a katse shi don gyara masa shekara, a kuma koma wata rana, domin abin da ya fi muhimmanci sau da yawa sai a zama na biyu ko na uku yake fitowa. In da hali a yi hirar a wurin aikinsa, a ɗauki hoton hannunsa yana nuna yadda ake riƙe abin.

Sauran aikin shi ne adanawa, kuma nan ne ƙoƙarin mutane da yawa yake lalacewa. Muryar da ke cikin waya ɗaya tana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta. A kwafe ta a wurare da dama, a rarraba wa 'yan'uwa, wani mai haƙuri a cikin jikoki ya zauna ya rubuta ta a takarda da kalmomin dattijon yadda ya faɗe su, ba tare da an gyara masa harshe ba. Kayan aikinsa kuma, waɗanda akan tattara bayan rasuwa a sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan nauyi, a tambaye shi sunan kowanne da amfaninsa tun yana nan, a rubuta a ɗaura a jiki, a kuma ji daga bakinsa wanda yake so a ba wa uwar maƙerar da sirdin.